Sunan Ɗan Asuba

Shekaranjiya ina zaune bakin tashar Jega ina jiran layina, na ji ɗaya daga cikinku, ku masu keken nan mai ƙafa uku, yana faɗa wa abokinshi wai tuƙin bas ba wani abu ba ne, ka riƙe sitiyari ka taka totur, hanya ce za ta kai ka. Ban tanka mashi ba don bakina da goro. To yau na tofar, ku matso. Ni ne Arzika, wanda kuke ce wa Baba Arzika in kuna son aron sifana, in na ba da baya kuma ku ce tsohon nan mai faɗa. Ina ji, kunnena bai mutu ba. Tun kafin a ɗaura auren iyayenku nake bin hanyar Maiyama zuwa Jega, Jega zuwa Aliero, kuma har gobe akwai abin da ban iya ba a cikinta. Labarinshi zan ba ku, ko da yake ba daɗinshi nake ji ba.

Aikin farko da anka ba ni a mota shi ne riƙon weji. Weji guntun katako ne da ake tokare taya da shi don kada mota ta gangara. Maigidanmu Malam Dantani, Allah ya jiƙanshi, yana da wata tsohuwar bas fara wadda birkin hannunta ya mutu tun kafin in zo. Duk inda za shi tsaya, kafin mota ta gama tsayawa na diro, na zagaya, na cusa weji ƙarƙashin tayar baya. In ka makara ka sha ranƙwashi gaban fasinja. In ka yi gaggawa ka riƙe shi ta baki, taya ta haɗa da yatsanka. Ku dubi wanga farcen, tun lokacin bai sake fitowa daidai ba. Daga weji sai garwar ruwan lagireto, sai jak, sai sifanar taya, sai igiya.

Igiya kuwa karatu ce mai zaman kanta. Buhun albasa ba a matse shi kamar buhun gero. In ka ja da ƙarfin tsiya ka murje ta bakin buhu, kafin a kai kasuwa ta fara ruwa, mai ita ya biyo ka har gida da zagi. In ka sassauta kuma, ramin farko buhu ya zame ya bar rufin mota, ka ga albasa tana gudu kan kwalta awaki na bin ta. Sai ka san inda za ka dafa gwiwa, ka ja a hankali, ka saurari kukan buhun, in ya yi wata 'yar ƙara ka tsaya nan ka ƙulla. Wannan ba a faɗa maka shi da baki, sai ka ɓata buhunan mutane an zage ka tukuna.

Mu biyu ne yaran motar, ni da Nomau mutumin Sabiyal. Ku riƙe wannan da kyau: bayana ya zo. Ni na nuna mashi yadda ake riƙon weji, ni na koya mashi ƙullin igiya, ni na hana shi buɗe lagireto da zafi ranar da ya so ya ƙone fuskarshi. Siriri ne, ba ya magana, in anka aike shi sayen baƙin mai sai ka ɗauka can ya tare. Ni kuwa in taya ta fashe, kafin fasinja su gama sauka su miƙe ƙafa na canza ta. Inji ya yi tari, daga jin sautin na san ko mai ne ko wuta. Ba cika baki ba ne, ga tsofaffin bakanike nan bayan tasha, ku je ku tambaya.

A goshin motar, sama da gilas, an rubuta Ɗan Asuba da jan fenti. Ba Malam Dantani ya zaɓi sunan ba, mutane sunka sa mashi, shi kuma ya kai wa mai fenti. Dalili, shi ne kullum ke fara tashi daga Maiyama da an sallame sallar asuba, ko mota ta cika ko ba ta cika ba. Sauran direbobi sai an cika har an ɗora wani kan cinyar wani suke tashi, shi kuwa a'a. Saboda haka mutane sunka ɗora yininsu a kanshi: matar da za ta asibiti, mahautan Jega masu son kai nama Aliero kafin rana ta taɓa shi, manomin da ke son ya shiga kasuwa da albasarshi tun dillalai ba su haɗa baki ba. Har a tasha anka bar mashi lodin farko ba tare da bin layi ba. Ba wanda ya kafa doka a kai, haka kawai abin ya zauna: mai sunan shi ke da lodin asuba. Tun ina riƙon weji na sa wa sunan nan ido. In za ni wanke mota, nan nake fara gogewa.

Fasinja kuwa kowa da halinshi. Mahauci ba ka ajiye mashi daron namanshi kusa da zafin inji, in ka yi kun rabu ke nan. Dillalin albasa gidan gaba yake so, kuma ya so ya koya maka tuƙi tun daga Jega har Aliero. Tsofaffin mata su ba ka saƙo ba takarda ba komai, su ce ka ba wance ta bayan masallaci, kuma dole ka san wace wance ce. Daga baya da anka buɗe jami'a, ga ɗalibai da manyan jakunkuna da waya toshe a kunne, ka yi ta magana kai kaɗai. Duk waɗannan da sauƙi. Fasinjan da ke auna direba shi ne mai karaya. Kun san Aliero garin masu ɗori ne, daga ko'ina ake kawo musu mutane, kuma da yawa motarmu ce ke kai su.

Akwai wani manomi da amalanke ta kife da shi, cinyarshi ta karye. Munka cire kujerar baya, munka shimfiɗa tabarma da tsummokara, 'yan'uwanshi sunka kwantar da shi. Lokacin Maigida ya fara sakar mana sitiyari. Ya ce ni in ja daga Maiyama zuwa Jega, Nomau ya karɓa daga Jega zuwa Aliero, shi kuma ya koma gefe ya naɗe hannu. Ni lissafina mai sauƙi ne: mutum na cikin azaba, a kai shi da wuri azabar ta gajarta. Na ba ta wuta. Bawan Allah nan duk ramin da munka faɗa sai ya kira sunan uwarshi, daga baya ya koma kiran tawa. Da munka iso Jega Nomau ya zauna, ya gyara madubi ya karkata shi baya, ya tashi mota kamar mai tsoron tada wani. Ba mu yi nisa ba kukan ya ragu. Kafin mu shiga Aliero mutumin nan ya yi barci. Barci fa, da karyayyar cinya.

Na ce wa Maigida ai hanyar Aliero ta fi ta Maiyama kyau, kowa ya sani, ni anka ba mugun ɓangare. Ya ɓare goro ya jefa baki. Na daɗe ina riƙe da wagga hujja, duk inda anka tada zancen sai na kawo ta.

Da ƙarfin Malam Dantani ya ƙare, ƙafafunshi sunka fara kumbura, ya kira mu zaurenshi a Maiyama tare da dattawan tasha. Haka ake yi, maigida ba ya barin mota a ɓoye, sai gaban shaidu, a yi addu'a a miƙa makulli. Na sa rigata mai kyau. Har na faɗa wa mahaifiyata ta yi mani addu'a, yau za a ba ni Ɗan Asuba. Anka shafa fatiha, Maigida ya laluba aljihu ya fiddo makulli, ya miƙa hannu ya wuce ni, ya sa a tafin Nomau. Ni kuma ya jawo akwatin sifanunshi ya turo gabana.

Na ce, "Maigida, ni fa na riga shi zuwa."

Ya ce, "Na sani, Arzika. Kai duk inda ka tahi za ka ci abinci, ƙarfe na jin maganarka. Amma in kana tuƙi kunnenka na ga inji. Shi ko nashi shina baya wurin mutane."

Na karɓi akwati na yi godiya, don ba a musu da maigida gaban dattawa. Amma a raina ban yarda ba. Kishi ne, ba zan sa mashi wani suna ba. Na fito zauren ina jin Nomau na biyo ni yana cewa Yaya Arzika, Yaya Arzika, ban waiwaya ba. Ba zan iya zama yaron motar wanda na koya wa riƙon weji ba, saboda haka na bar hanyar. Na koma manyan motoci masu kai albasa Kudu, na yi shekaru can ina kwana kan buhu ina cin garin kwaki, har Allah ya hore mani na sayi tawa bas. Ba sabuwa ba ce, amma ni na sauke injinta na mayar da hannuna, in ta tashi ko agogo bai fi ta natsuwa ba.

Da na dawo sai na tarar sunan ya yi 'ya'ya. Mai shayin ƙofar tashar Maiyama ya rubuta Ɗan Asuba a allon teburinshi. Akwai injin markaɗe Ɗan Asuba. Yaran wata unguwa sun sa wa ƙungiyar ƙwallonsu Ɗan Asuba, alhali ko sallar asubar ba su tashi. Wani mai kabu-kabu ya manna shi bayan babur. Har wani mai maganin basir da ke yawo da lasifika ranar kasuwar Jega, shi ma Ɗan Asuba. Na ce to, tunda abin ya zama na kowa, ni da na goge shi da hannuna shekara da shekaru ai na fi su gado. Na kai motata wurin mai fenti, na ce ya rubuta da ja, daidai irin na Maigida.

Ko mako ban yi ba dattawan tasha sunka kira ni. Shugabanmu na lokacin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce, "Arzika, mota biyu ba su ɗaukar suna guda kan hanya guda. Tsohuwa ba karatu ta iya ba, jan rubutun take dubawa ta shiga. In ta ba ka saƙon da ta yi niyyar ba Nomau fa?"

Na ce, "To mai shayi fa? Mai maganin basir fa? Su ba ku kira su ba."

Ya ce, "Mai shayi ba shi lodi."

Anka yi dariya. Nomau na zaune can gefe yana murza hularshi, sai ya ce, "Ku bar mashi, don Allah. Ni ba komai. Yayana ne." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Wato shi ne mai abu, har ya samu na kyauta. Dattawa sunka ƙi, sunka ce ba maganarshi ba ce, maganar tasha ce. Ban bari mai fenti ya taɓa ba. Ni na samu reza da tsumma da ɗan fetur na kankare shi harafi bayan harafi, 'yan kamasho na tsaye suna kallo. Goshin motata ya zauna fari, ban sake rubuta komai a wurin ba. In an ce mani in sa wani suna sai in ce ba ni da sha'awa.

Haka munka ci gaba, shi yana lodin asuba ni ina bin layi. Kullum in na iso tasha sai in tarar ya tafi, in ina tsaka da kiran fasinja sai ga shi ya dawo, ya ɗaga mani hannu. Na fi shi gudu, na fi shi sanin inji, motata ba ta taɓa kwana a hanya ba, tashi kuwa sau nawa ina tsayawa in gyara mashi. Amma mace in za ta aiki ɗiyarta Jega sai ta ce a jira Nomau.

Sai shekarar da albasa ta ruɓe. Ku ba ku san ta ba, ko kuna yara. Manoma sun kwashe sun zuba a rudu, ɗakunan karan nan da ake ajiyarta don a jira tsada, sai ga ruwa ba lokacinshi ba, ga zafi a bayanshi. Albasa ta fara zubar da ruwa daga ƙasa. Tun daga nesa kake jin warin Aliero, ana ta kwasowa da amalanke ana zubarwa bakin hanya, manya-manyan mutane na tsaye sun riƙe haɓa. In albasa ta faɗi a ƙasarmu kowa ya faɗi: ba a biki, ba a sayen nama, ba a zuwa ganin dangi. Ga mai kuma ya yi tsada ya ɓace. Sai ka kai azahar kan layi da fasinjan da ba su cika kujera biyu ba. Direbobi da yawa sunka sayar da motoci sunka koma gona. Nomau kuwa bai fasa tashin asuba ba ko rana guda, kuma 'yan mutanen da sunka rage masu tafiya, duk nashi ne, don su ne masu larura, masu larura kuwa da asuba suke fita. Ina zaune kan benci ina ganin haka.

Dole ta sa na fara shiga ƙauyuka, hanyoyin da direban kirki ba ya kai motarshi. Ranar kasuwa in shiga Sarandosa in ɗauko gero da awaki da duk abin da ya samu. Tayoyina sun suɗe, babu halin canzawa. Wata rana da hantsi, na fito Sarandosa da lodi, tayar baya ta fashe a wani wuri mai yashi, kuma an yi ruwa ƙasa ta jiƙa. Na sa weji, na sa katako ƙarƙashin jak yadda ake yi, na ɗaga, na cire taya. Ina jawo tayar canji da ƙafata a miƙe ƙarƙashin mota, ƙasa ta buɗe, katakon ya nutse da jak ɗin gaba ɗaya. Mota ta sauko kan ƙaurina. Ƙarar da na ji kamar an karya kara, sai daga baya zafin ya iso.

Manoman da ke kusa sunka taru sunka ɗaga motar sunka jawo ni. Wani ya buga waya tashar Maiyama. Ina kwance ƙarƙashin wata bishiya ina salati, sai na ji ƙarar inji daga nesa, kuma tun kafin in ga mota na san ko ta wa ce, don ni na gyara mata wannan injin. Nomau ne. Ya sauke fasinjanshi ya ba wani, ya cire kujerar baya tun daga tasha, har da katifar ɗakinshi ya ɗauko.

Na ce, "Duk Maiyama ba wani direba sai kai?"

Ya ce, "Kwanta, Yaya Arzika. Ku kama mashi ƙafar nan, kada ku bari ta lanƙwashe."

To nan ne zancen yake, ku saurara. Hanyar Sarandosa zuwa kwalta na san ta kamar tsakar gidana, kuma babu muguwar hanya irinta a duk inda nake bi. Na san inda kwalbati ya karye, na san inda ruwa ya yanke ta, na san gargadar da ke bayan makarantar firamare. Ina kwance ba na ganin komai sai rufin mota, amma ina bin hanyar a kaina. In mun kusa rami sai in cije baki in riƙe ƙarfen kujera in jira. Sai in ji mota ta ɗan karkata, ta sauke ƙafa guda, ta sauke ɗayar, ta hau, shi ke nan an wuce. Kamar mace na kwantar da jinjirin da ya yi barci a bayanta. Na kasa kunne in kama dabarar. Yana taka birki tun da nisa, ya sake shi dab da bakin ramin don mota ta shiga da sauƙin jiki. Yana shiga a karkace. Ba ya canza giya a tsakiyar gargada. Duk na san wannan, Maigida ɗaya ya koya mana, rana ɗaya, a mota ɗaya. Amma ni ƙafata ba ta yin shi haka.

Zafin karaya daban, zafin wannan daban, kuma ranar na biyun ya fi cin raina. Har addu'a na yi a zuciyata ya faɗa rami ko guda ɗaya, in yi ihu, in samu abin faɗi. Bai faɗa ba. Munka hau kwalta, munka bi ta Maiyama zuwa Jega, ɓangaren da na ce shi ne mugu, ban ji komai ba sai iska. Da munka isa Aliero mai ɗori ya shafa ƙafar ya ce, "Wa ya kawo shi? Ƙashin ko gocewa bai yi ba." Anka nuna Nomau. Na juya fuskata bango.

Na yi watanni a kwance da karare ɗaure a ƙafa. Nomau ya sa anka jawo motata har ƙofar gidana, ya rufe ta da tamfol. In ya sauke lodin Aliero sai ya leƙo, ya ɗan zauna, ya tashi. Na gode mashi, ni ba butulu ba ne, kuma ban taɓa son wani abu ya same shi ba. Amma wanda ya ce muku alheri na kashe kishi bai taɓa yin kishi ba. Ƙaruwa ma ya yi, don da ina da hujja, yanzu ba ni da ita. Da na warke na koma hanya na gwada irin tuƙinshi. Fasinja sunka fara tambayata, "Baba Arzika, yau motar ba ta da lafiya?" Wani dillali ya ce in ba zan yi gudu ba in sauke shi. Nomau in ya yi a hankali sai a ce ƙwarewa, ni in na yi sai a ce mota ta lalace.

Bara idon Nomau ya fara yin yana, ganinshi ya ragu. Tuƙin asuba kuwa ido yake so, ga shanu na ƙetare hanya, ga masu babur ba fitila. Shi da kanshi ya ajiye makulli tun kafin a ce mashi, ya sayar da motar wa wani mutumin Yawuri da ya fita da ita daga hanyarmu. 'Ya'yanshi ba wanda ya bi mota. Nan fa tasha ta ɗauka: wa za a ba sunan, wa za a ba lodin farko? Samarin direbobi sunka fara zarya gidanshi da goro, waɗanda da ko gaishe shi ba su yi. Ni ban je ba. Na ce in mutu da farin goshi ya fi mani in je in roƙi Nomau.

Sai shi ya zo. Da la'asar, tare da shugaban tasha na yanzu, yana tafe yana laluben bango. Ya zauna kan tabarmata ya ce, "Yaya Arzika, Maigida mu biyu ya bari. Ni na gama. Ka ɗauka." Na so in ce a kai kasuwa, na so in ce sai yanzu da gemuna ya yi fari. Bakina ya ce to. Kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Washegari na kai mota wurin mai fenti, na tsaya kanshi, na sa ya goge ya sake har sai da jan ya yi daidai da wanda na sani.

Ranar farko, ana sallame sallar asuba na ja mota na tsayar da ita wurin lodin farko a tashar Maiyama, wurin da nake kallo daga benci tun ina saurayi. Na fito na tsaya jikin ƙofa. Nomau ma ya zo, don jikinshi ya saba, ba ya iya zaman gida a wannan lokacin. Ya zauna wurin mai shayi. Mutane sunka fara isowa, kowa ya zo sai ya fara biyawa ta wurinshi: "Ɗan Asuba, an tashi lafiya? Ya idon?" Sannan su zo su miƙo mani kaya.

Can sai ga wata tsohuwa da ƙullin daddawa a ka. Ta tsaya gaban motata ta dubi jan rubutun, ta shafa jikin ƙofar, ta juya wurin Nomau da fara'arta.

Ta ce, "Ashe ka sake mota. Allah shi sa alheri, wagga ta fi waccan." Sannan ta nuna ni da haɓa. "Wanga shi ne direban da ka ɗauka?"

Nomau ya ce, "A'a, Inna, motarshi ce, shi ne ma..."

Ba ta tsaya ji ba, ta riga ta kama ƙofa tana hawa. Mahauta da ɗalibai da ke ciki ba wanda ya gyara mata, don su ma abin da sunka ɗauka ke nan. Har yau in kunka je Maiyama kunka tambayi motar asuba, za a ce muku ta Nomau ce, wani tsoho ke ja mashi. Motar da na kwana kan buhu na saya.

Na shiga na tada inji munka fita. Ba mu bar gari ba tayar baya ta taɓa wani ɗan rami, ɗan ƙarami, wanda ko akuya ba ta tsallakewa. Sai na ji muryar tsohuwar daga baya.

"Yaro, maigidanka ba haka shi ka yi ba."

Na ce, "To, Inna." Na rage gudu.